Hanyar da ta ratsa gona, ta waye ce?

Nasiru Gwammaja: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke cin raina tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Na je ƙauyenmu jana'izar ƙanin mahaifina. Hanyar da muka taso muna bi daga bayan gari zuwa rafi da maƙabarta, wadda ta ratsa tsakanin gonaki, yanzu babu ita. Wani mai hali daga birni ya sayi gonaki huɗu a jere, ya haɗe su, ya ja katangar bulo, ya sa ƙofar ƙarfe da maigadi. Sai da muka zagaya da makara ta bakin titi. Tafiyar da ba ta wuce minti goma ba ta koma kusan arba'in, ana ta sauya kafaɗa cikin rana. Tsofaffi da dama a hanya suka zauna, ba su ga binne ɗan'uwansu ba.

Tun a wajen na tuna da wani ɗan tsibiri da na taɓa zuwa lokacin ina karatu a Gilasgo. Sunansa Eigg, ana furta shi "Eg", yana yammacin Sikotlan, sai ka hau jirgin ruwa daga garin Mallaig kafin ka isa. Tsawonsa bai wuce kilomita 9 ba, mutanensa ɗari da 'yan kai. Kwana uku na yi ina yawo a ƙasa. Na bi ta makiyayar tumaki, na buɗe ƙofar shinge na rufe, na hau dutsensu mai suna An Sgurr, na gangara bakin teku. Ba wanda ya tambaye ni daga ina, ko wa ya ba ni izini. Kuma duk inda na taka akwai mai noma shi ko mai kiwo a kai. Dokar ƙasarsu ta 2003 ce ta ce kowa yana da haƙƙin ya ratsa fili da ruwa, ko na wane ne, muddin zai yi da hankali.

Tambayata: mu da muka gaji wannan a al'ada da addini tun kafin su rubuta, yaya aka yi muka wayi gari katanga tana hana gawa wucewa?

Hajiya Rabi Yakasai: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baffa, ya ba ku haƙuri Nasiru. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar rafin. Gawa sau ɗaya ake kai ta, amma ruwa kullum ne. Wa ke ɗebo ruwan? Mata da yara. Yarinyar da take sawu uku kafin ta tafi makaranta yanzu sawu ɗaya za ta yi, ko ta makara.

Alhaji Sabo Kura: Allah ya gafarta masa. Amma Malam Nasiru, bari in yi magana a matsayin wanda ya kewaye tasa gonar, don kada a yanke hukunci da jin ɓangare guda. Shekara shida gonata a buɗe take. An sace min injin ban ruwa sau biyu. An tsinke min tumatir da daddare saura kwana uku in ɗiba. Wata shekarar shanu suka shiga shinkafa ta fara fitar da kai, da safe na tsaya ina kallo ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Bashi na ci na yi noman nan. Waye ya biya ni? Babu. Ranar da na ja waya, ranar na fara barci.

Turawan da kake faɗa ba su da ɓarawon injin, ba su da masu garkuwa da mutane da ke laɓewa a gona. Kowa da irin kiɗan da ya karɓe shi.

Nasiru Gwammaja: Ranka ya daɗe, ban ce kada mutum ya tsare dukiyarsa ba. Ko a can ɗin dokar ba ta ba ka damar shiga cikin shuka ba. Gonar da aka shuka sai dai ka bi gefenta. Gidan mutum da harabarsa ba ka shiga. Mota da babur ba sa cikin haƙƙin, haka farauta da kamun kifi. Abin da aka ba ka shi ne ka wuce, ka huta, ko ka kafa tanti na kwana biyu ko uku ka tashi ba ka bar shara ba. Tambaya ɗaya zan yi maka Alhaji: da ka ja wayarka, akwai tsohuwar hanya a ciki?

Alhaji Sabo Kura: Akwai wata 'yar turba ta gabas. Na bar ta a waje, na ja wayar ta ciki. Taku huɗu na rasa a tsawon gonar.

Nasiru Gwammaja: To ai ni da kai ba mu da saɓani ke nan. Abin da nake nema a ƙauyenmu bai wuce taku huɗun nan ba.

Barista Maryam: Ina so in raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa idan ana maganar Eigg. Haƙƙin ratsa fili daban, mallakar tsibirin daban. Mutanen Eigg sun sayi tsibirinsu ne a watan Yunin 1997, shekara shida kafin dokar. Kafin nan mutum ɗaya ne ke mallakar tsibirin kacokan, ya sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, mazauna kuwa da yawansu ko tabbatacciyar takardar hayar gidajen da suke ciki ba su da ita. Na ƙarshen wani mai zane ne daga Jamus da ake kira Maruma. Mutanen da a lokacin ba su kai saba'in ba suka nemi gudummawar jama'a, aka tara fam miliyan 1.5, suka saya ta hannun wata ƙungiyar amana da suka kafa tare da ƙaramar hukumar yankin da wata ƙungiyar kare namun daji.

Dokar 2003 kuma ta zo da abu uku: haƙƙin ratsa fili, haƙƙin al'umma ta fara taya ƙasar yankinta idan za a sayar, da haƙƙin ƙananan manoman gargajiya su sayi ƙasar da suke kai. Na biyun nan shi ya fi kama da matsalarka Yaya Nasiru. Da a ce kafin a sayar da gonakin huɗu sai an fara yi wa mutanen gari tayi, da wataƙila sun haɗa kuɗi sun sayi wadda hanyar ta bi ta ciki.

Malam Auwalu Kofar Mata: Barista, Allah ya ƙara basira. Wannan fara tayin da kika ambata yana da ɗan'uwa a fiƙihu, wato shuf'a, kodayake a mazhabarmu ta Malikiyya abokin tarayya ake ba wa ita a abin da ba a raba ba, ba maƙwabci kawai ba. Amma maganar hanya tana da nata babin, kuma a fili yake.

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Dahhak ɗan Khalifa ya so ya ja ruwa zuwa gonarsa, kuma dole sai ruwan ya ratsa ƙasar Muhammadu ɗan Maslama. Muhammadu ya ƙi. Aka kai magana gaban Sayyidina Umar. Umar ya lallashe shi, ya nuna masa shi ma zai amfana da ruwan kuma ba zai cutar da shi ba. Ya dage a kan ƙi. Sai Umar ya rantse cewa sai ruwan ya wuce ko da ta kan cikinsa ne, ya umarci Dahhak ya ja ruwansa. Ku duba fa, Muhammadu ɗan Maslama babban sahabi ne, kuma ba wanda ya yi jayayya cewa ƙasar tasa ce. Duk da haka mallakarsa ba ta ba shi ikon hana abin da zai amfani ɗan'uwansa bai cuce shi ba.

Sannan ga hadisin da ya ce idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai. Ga wanda ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Ga kuma tsinuwar da ta hau kan mai sauya alamar iyakar ƙasa. Mutumin da ya toshe hanyar maƙabarta ina ji masa tsoro wallahi. Wataƙila ma bai sani ba, dillalai ne suka nuna masa iyaka ya biya. A fara da sanar da shi.

Usman Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, wannan ƙissar ban taɓa jin ta ba, na ƙaru. Amma ni ina da ja a kan yadda ake yabon Turawan nan. Me ya sa tun farko mutum ɗaya ya mallaki tsibiri guda? Ai korar mutane aka yi. A ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa suka tashi ƙauyuka a tsaunuka da tsibiran Sikotlan don su zuba tumaki, dubbai suka ƙare a Kanada da Amurka da Ostareliya. Tsibirin Rum da ke kallon Eigg kusan kwashe mutanensa aka yi gaba ɗaya a 1826 aka tura su Kanada. To bayan an ƙwace ƙasar kakanka sai a ce an yarda ka yi yawo a kanta, wannan ai ba kyauta ba ce.

Nasiru Gwammaja: Gaskiyarka Usman, kuma su ma mutanen can haka suke faɗa. Na ga kufan gidajen da idona a Eigg, tulin duwatsu a jere cikin ciyawa, tumaki na kiwo a tsakiya. Shi ya sa nake ganin labarin nasu gargaɗi ne a gare mu. Su an riga an yi musu, suna ƙoƙarin dawo da abin da ya rage. Mu yanzu ake yi mana, gona huɗu nan, gona goma can.

Jauro Bello: Salamu alaikum. Ni Bafulatani ne, a Kano nake kasuwanci amma iyayena na ruga. Duk abin da kuke faɗa mu mun daɗe da ganinsa. Burtali ai hanya ce. Ba wanda ya ce makiyayi ya mallake ta, wucewa kawai yake yi daga makiyaya zuwa mashaya. A da manomi ya san inda burtali ya bi, ya shuka aduruku ko bini-da-zugu a gefe don dabba kada ta shiga. Bayan girbi kuma shi da kansa zai kira mu mu sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya ba da hatsi. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Yau je ka nemi burtalin. An nome shi kaɗan-kaɗan, wanda garke ke wucewa a sake ya koma sai saniya ɗaya-ɗaya, wani wurin an gina gida a kai. Idan hanya ta toshe dabba ba ta tashi sama.

Alhaji Sabo, ban wanke wanda ya sa maka shanu a shinkafa ba. Zalunci ne, kuma ya kamata ya biya. Amma ka bincika ko akwai burtali a yankin da, da kuma inda ya tafi.

Alhaji Sabo Kura: Akwai shi Jauro, ba zan yi ƙarya ba. Tun ina yaro na san shi. Ya tsuke sosai. Amma yaron da ya sa min shanu da daddare ya yi, kuma da gangan.

Jauro Bello: Allah ya mayar maka da alheri. Irinsu su suke ja mana zagi.

Hajiya Rabi Yakasai: Ku bar ni in ƙara abu ɗaya da maza ke mantawa. A ƙauye gona ba hanya kaɗai take bayarwa ba. Kakata a ƙasar Rano ba ta da gona ko taku ɗaya bayan rasuwar mijinta, amma ta riƙe 'ya'ya biyar. Da me? Bayan an tashi gyaɗa ta je kala. Kaɗanya ta faɗo ta tsinto ta yi man kaɗe. Ta roro tafasa da rama a gefen gona, ta samo itace, ta yanko ciyawar akuya. Ɗorawa kam tana da mai ita, sai an ba ka, amma da wuya mai ita ya hana gwauruwa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kowa dai ya san haka ake yi. Katangar bulo ba ta san gwauruwa ba. Mai gonar yana birni, maigadi kuma an ce masa kada ya bar kowa.

Injiniya Kabiru: Ina tare da ku, amma kada mu ɗauka can ɗin komai lafiya lau ne. Buɗe fili yana da tsadarsa, kuma mazauna ne ke biya. A tsibirin Skye baƙi sun yi yawa har ƙananan hanyoyi na cushewa da motocin masu yawon buɗe ido, ana barin shara da bayan gida a inda mutane ke kiwo. A bakin tafkin Loch Lomond sai da aka kafa ƙa'idar taƙaita kwana a tanti a wasu wurare daga 2017 saboda ɓarna. Karnukan baƙi na kora tumaki masu ciki har su yi ɓari, shi ya sa a 2021 aka tsananta hukunci, tarar na iya kaiwa fam 40,000 ko ɗaurin shekara guda. Eigg ta ɗan tsira ne don jirgin ruwa ne kaɗai hanya, kuma baƙo ba ya shiga da motarsa sai da izini na musamman.

Abin da nake nufi, haƙƙin wucewa ba ya rayuwa sai akwai hukunci a kan mai ɓarna. Alhaji Sabo ya ja waya ne don ba wanda ya biya shi. Da an kama ɓarawon injin an hukunta shi, da an sa mai shanu ya biya shinkafa, da wataƙila har yau gonarsa a buɗe take.

Alhaji Sabo Kura: Injiniya ka gama magana. Kuɗin wayar nan da taki na saya da shi ya fi min.

Usman Ɗan Fagge: Kuma ba duk tsibiri ne Eigg ba. A jihar Hawai ta Amurka akwai tsibirin Niihau, iyali ɗaya ke riƙe da shi tun 1864, baƙo ba ya shiga sai da yardarsu. Lanai kuma attajirin nan Larry Ellison ya sayi kashi 98 cikin ɗari nasa a 2012. Ko Ingila da ke manne da Sikotlan, filin da aka yarda kowa ya ratsa bai wuce kashi 8 cikin ɗari ba.

Zainab Sharaɗa: Ni ban taɓa fita ƙasar nan ba, amma ba sai na je tsibiri ba. Ku dubi cikin birnin nan. Ina kududdufan da muka sani? An cike an yi gini, ruwan sama ya rasa inda za shi sai cikin gidaje. Ina filayen da yara ke ƙwallo? Badala ana ta cin ta. Lungun da muke yankewa zuwa islamiyya wani ya sa ƙofa ya mayar da shi garejin mota, ba wanda ya ce uffan don yana da kuɗi. Halin ɗaya ne, na ƙauyen dai ya fi ciwo don can ruwa da maƙabarta ake tarewa.

Nasiru Gwammaja: Barista, a dokarmu fa? Muna da abin riƙewa ko sai haƙuri?

Barista Maryam: Kuna da shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana don amfanin jama'a. Abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da na gargajiya. Wanda ya sayi gona ya sayi abin da mai sayarwa yake da shi ne kawai. Idan hanyar ta jama'a ce tun kaka da kakanni, mai sayarwa ba shi da ikon sayar da ita, don ba tasa ba ce. Aikin shi ne tabbatar da hakan. Ku nemi dattawan da za su ba da shaida, musamman waɗanda suka sayar da gonakin da maƙwabtansu. Ku duba takardun cinikin, sau da yawa ana rubuta cewa gona ta yi iyaka da hanya ta gabas ko ta kudu. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth suna nuna turba sarai, ku ciro na shekarun baya ku ajiye.

Amma shawarata kada ku fara da kotu. Ku fara da mai unguwa da dagaci, in ta ƙi a je wajen hakimi. Kuma don Allah ku ja kunnen matasa, kada wani ya taɓa katangar. Ranar da aka fasa bulo ɗaya magana ta tashi daga hanya ta koma ɓarna, ku da kuke da gaskiya ku zama waɗanda ake tuhuma.

Malam Auwalu Kofar Mata: Haka ne. Kuma idan za ku je wajensa ku tafi da limamin gari, ku je da girmamawa. Ku nuna masa ba gonarsa kuke so ba. Ku ba shi zaɓi: ko ya buɗe tsohuwar hanyar ya yi katanga hagu da dama, ko ya yanka muku wata ta gefe wadda makara za ta wuce a sake. In kuɗin bulo ne matsala, gari ya ɗauki wani abu a ciki.

Usman Ɗan Fagge: Malam, a nan kam ban yarda ba. A tare musu hanya sannan su biya kuɗin buɗewa?

Malam Auwalu Kofar Mata: Ba wajibi ba ne a kansu Usman, sulhu ne. Shari'a na iya shekara uku, yarinyar da Hajiya ta ambata kuma gobe da asuba za ta rafi.

Alhaji Sabo Kura: Malam Nasiru, in kun sa rana ka kira ni in raka ku. Mai gona ya fi jin maganar mai gona. Zan faɗa masa yadda na bar tawa turbar, kuma mutanen da ke bi ta nan su ne suke kirana a waya in sun ga baƙuwar fuska kusa da injina. In ana haɗa kuɗin bulo, bulo ɗari biyu na kaina.

Nasiru Gwammaja: Allah ya saka da alheri Alhaji, na gode ƙwarai. Na yi waya da dagaci yanzu, ya ce shi ma mata sun kawo masa kuka tun kafin azumi. Ya sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Biyu daga cikin waɗanda suka sayar da gonakin suna raye, ɗaya ya ce takardarsa na nan kuma an ambaci hanyar a ciki. Barista, zan turo miki hotonta da daddare ki duba mana kafin mu je.

Barista Maryam: Turo, gaba da baya, har da wurin da shaidu suka sa hannu.